Ya tashi da ƙafarsa bayan faɗuwa daga babur, cikin dare ya kasa farkawa

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ƙanena ɗan shekara 24 ya faɗi daga babur da la'asar, gefen kansa na dama ya bugi bakin kwalta. Ya ɗan suma, aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, ya tuƙo babur ɗin da kansa har gida. Ko ƙwarzane babu sai ɗan kumburi. Ya ce kansa na sara, ya yi amai, ya kwanta bayan isha'i. Cikin dare aka ji yana wani irin munshari, aka yi ta tashinsa bai tashi ba. A asibiti suka ce jini ne ya taru a cikin kai, aka yi masa aiki, yanzu alhamdu lillahi da sauƙi. Daga ina jinin ya fito tunda kan bai fashe ba? Kuma me ya sa suka ɗaure masa wuya da wani abu mai tauri, har suka yi mana faɗa kan yadda muka kinkimo shi a adaidaita sahu, alhali kai ne ya bugu ba wuya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya sa kaffara ne. Yadda kika jero labarin, suma, farfaɗowa, 'yan sa'o'i na lafiya lau, sannan barcin da ba a tashi, duk wanda ya taɓa kwana a sashen gaggawa ya san wannan jeri, kuma gabansa faɗuwa yake idan ya ji shi. Amsar tambayoyinki biyu tana cikin yadda aka gina kai da wuya, don haka sai kin ɗan yi haƙuri mu bi ginin.

Ƙoƙon kai ba ƙashi ɗaya ba ne. Ƙasusuwa 22 ne: 8 sun kewaye ƙwaƙwalwa, 14 sun yi fuska, kuma cikinsu muƙamuƙin ƙasa kaɗai ke motsi. Sauran sun cije juna da baki mai zarto. Jariri ana haifarsa kafin su gama haɗuwa, shi ya sa kansa ke iya matsewa ya bi hanyar haihuwa, shi ya sa kuma yake da maɗiga. Ta baya, ƙaramar, tana rufewa cikin wata 2 zuwa 3. Ta gaba, wadda iyaye mata ke kallon bugawarta, tana kaiwa wata 12 zuwa 18, wani yaron har kusan shekara 2. Daga nan gaɓoɓin sai su yi ta ƙara kamewa. Kan saurayi irin ƙanenki a rufe yake ruf, ba ya miƙewa ko da faɗin gashi. Ki riƙe wannan.

Kauri kuma ba ɗaya ba ne ko'ina. Goshi da ƙeya suna da kauri, milimita 6 zuwa 7 ko fiye. Amma ki ɗora yatsa tsakanin wutsiyar idonki da saman kunne, ki cije haƙora, za ki ji wata tsoka ta kumburo ƙarƙashin yatsan. Tsokar tauna ce. Ƙarƙashinta, kamar yatsa biyu sama da ƙashin kunci, akwai wurin da ƙasusuwa huɗu suka haɗu, likitoci na ce masa teriyon. A wannan yanki ƙashin bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba a mutane da yawa. Idan aka ɗaga busasshen ƙoƙon kai aka haska fitila ta ciki, haske na ratsowa ta nan. To, daidai bayan wannan siririn ƙashi wata jijiyar jini ke wucewa. Tana shigowa ta wani ɗan rami a ƙasan ƙoƙon kai, ta hau ta ciki tana manne da ƙashin, har ta yi wa kanta kwari a jikinsa, a wasu mutanen ma ƙashin ya lulluɓe ta gaba ɗaya. Aikinta ciyar da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Idan ƙashin ya tsage, ko da tsagewar ba ta kai a ji ta da hannu ba, bakin tsagar sai ya yanke jijiyar. Fata tana nan ƙalau, tsoka ta ɓoye komai, jini na zuba a ciki. Ga amsar tambayarki ta farko: kan ya fashe, ta inda ido ba ya gani ne.

Me ya sa bai faɗi nan take ba? Tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa tantani uku ne. Na waje, dura, mai kauri ne da tauri, kuma a manne yake da ƙashi. Na tsakiya siriri ne, ƙarƙashinsa ruwan ƙwaƙwalwa ke gudana. Na ciki ya bi kowane lungu na ƙwaƙwalwar ya lafe. Jijiyar da muke magana tana tsakanin ƙashi da dura, inda asali babu fili ko kaɗan. Kafin jinin ya samu wurin zama sai ya ɓamɓare dura daga ƙashi, kuma wannan yana ɗaukar lokaci, bugun zuciya bayan bugun zuciya. Sumar farko ta girgizar ƙwaƙwalwa ce, ta zo ta wuce. Abin da ya kwantar da shi cikin dare wani abu ne daban, wanda ya fara tun a bakin titi. Ita ƙwaƙwalwa kanta ba ta jin zafi, amma dura tana ji ƙwarai, don haka ciwon kan da ya yi ta ƙaruwa ɓamɓarewar nan ce. Matasa aka fi gani da wannan rauni, saboda a tsofaffi dura ta riga ta kame jikin ƙashi, ba ta saki da sauƙi.

Yanzu mu koma kan rufaffen ƙoƙo. Abu uku ne a ciki: ƙwaƙwalwa mai nauyin kilo 1.3 zuwa 1.4, jini kimanin mililita 150, da ruwan ƙwaƙwalwa shi ma kimanin 150. Wasu likitoci biyu na Sukotland, Alexander Monro a 1783 da George Kellie a 1824, su suka fara bayyana ƙa'idar da har yau ake koyar da ɗalibai: tunda mazubin ba ya faɗaɗa, duk abin da ya ƙaru a ciki, sai wani ya ragu. Kamar tasi ce da ta cika maƙil aka turo wani fasinja. Da farko ana matsawa, ana ɗora kaya a cinya, kowa ya haƙura. Haka jiki ke yi: ya tura ruwan ƙwaƙwalwa ƙasa zuwa cikin ƙashin baya, ya matse jijiyoyin da ke mayar da jini. Wannan haƙurin ne ya ba ƙanenki sa'o'in da ya tuƙa babur, ya yi magana, kowa ya ce an auna arziki. Da wurin matsawa ya ƙare, ƙarin cokali ɗaya sai ya sa matsin ya yi tsalle. Kuma jinin ba sai ya yi yawa ba. Ƙa'idar da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa ke bi ita ce, irin wannan taruwa idan ta wuce mililita 30 a buɗe a kwashe, ko mutum na magana. Mililita 30 cokalin cin abinci biyu ne.

Idan ba a kwashe ba, ƙwaƙwalwa ce ke fara gocewa. Gefenta na ciki yana zamewa ya danne jijiya ta uku cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane ɓangare, wadda ke tsuke ɗan baƙin tsakiyar ido. Shi ya sa kika ga abu na farko da likita ya yi shi ne ɗaga fatar idonsa ya haska tocila: baƙin ido na ɓangaren da jinin yake sai ya buɗe ya ƙi tsukewa. Hannu da ƙafa kuwa galibi na ɗaya ɓangaren ne ke mutuwa, domin hanyoyin saƙon motsi suna gittawa a tushen ƙwaƙwalwa, dama ta koma hagu. Ƙarshen tafiyar shi ne babban ramin da ke ƙasan ƙoƙon kai, mai faɗin kamar santimita 3 zuwa 3.5, inda ƙwaƙwalwa ke zarcewa ta zama laka. Cibiyar numfashi da bugun zuciya tana daidai wurin. Idan matsi ya cusa ƙwaƙwalwa cikin ramin, numfashi ya tsaya. Munsharin da kuka ji ba na gajiya ba ne, na wanda hankalinsa ya yi nisa har harshe ya faɗa baya ne. Kun kai shi a gaɓar da ta rage kaɗan.

Abin farin ciki a wannan rauni shi ne sau da yawa ƙwaƙwalwar kanta ba ta ji ciwo mai yawa ba, danne ta kawai aka yi. A yanke ƙashi, a kwashe gudajin, a ƙone bakin jijiyar, a mayar da ƙashi, mutum ya koma harkokinsa. Abin baƙin ciki kuma shi ne lafiyar ƙaryar nan tana yaudarar kowa, ba mu kaɗai ba. A watan Maris na 2009 wata fitacciyar 'yar wasan kwaikwayo ta Ingila, Natasha Richardson, ta faɗi tana koyon zamiya kan dusar ƙanƙara a Kanada, ta tashi tana magana, ta ce ba ta buƙatar likita, bayan kwana biyu ta rasu da irin wannan zubar jini. Ba kowane mai wannan rauni ke samun farfaɗowar tsakani ba, wasu tun daga faɗuwa ba sa dawowa hayyacinsu, amma wanda ya same ta shi ne ya fi shiga hatsarin a ce masa je ka gida ka kwanta.

Wani abu da na lura da shi: mutanenmu jini suke tsoro. Wanda fatar kansa ta tsage, jini ya wanke masa riga, da gudu ake kai shi asibiti. Fatar kai cike take da jijiyoyi, kuma idan an yanke su ba sa tsukewa da wuri, shi ya sa ɗan yanka ke zubar da jini mai ban tsoro. A danne da tsumma mai tsabta, a ɗinke, shi ke nan. Wanda bai zubar da ko ɗigo ba shi ake bari a gida. Haka fuska: ƙasusuwanta sirara ne masu kogo, suna karyewa su shanye ƙarfin bugu. Victor Osimhen ya karye a ƙashin kunci da gurbin ido a wasan Napoli da Inter cikin Nuwamban 2021, aka yi masa aiki, ya dawo fili da takunkumin da kowa ya san shi da shi. Petr Cech kuwa, golan Chelsea a wancan lokacin, a Oktoban 2006 gwiwar ɗan wasan Reading ta lotsa masa ƙoƙon kai ne kansa, shi ya sa daga nan har ya daina ƙwallo da hular kariya yake wasa. Akwai kuma karayar ƙasan ƙoƙon kai, wadda ake ganewa da baƙin zobe kewaye da idanu biyu, ko tabon jini bayan kunne, ko wani ruwa garai-garai da ke ɗiga ta hanci ko kunne. Ruwan ƙwaƙwalwa ne wannan. Kada a toshe da auduga, kada a ɗiga komai, domin ƙofa ce ta buɗe wa ƙwayoyin sanƙarau.

Sai batun wuya, kuma a nan ina bayan waɗanda suka yi muku faɗa, ko da yake na san ba don mugunta kuka yi ba. Kan baligi yana da nauyin kilo 4.5 zuwa 5, kuma yana zaune ne kan ƙananan ƙasusuwa 7. Raƙumin dawa ma 7 ɗin gare shi, tsawo ne kawai ya bambanta. Duk ƙarfin da ya isa ya tsaga ƙoƙon kai, ta wuya ya bi, domin kai ya tsaya cak a kan kwalta, gangar jiki kuma tana ci gaba da tafiya. Saboda haka dokar sashen gaggawa ita ce: duk wanda ya bugu a kai har hankalinsa ya gushe, a ɗauka wuyansa a karye yake har sai hoto ya ce a'a. Wanda ke cikin hayyacinsa zai ce miki nan ke mini ciwo, hannuna ya yi sanyi. Wanda ya suma ba zai faɗa ba.

Biyun farko cikin ƙasusuwan nan ba su yi kama da saura ba. Na sama, atalas, zobe ne kawai, a kansa ƙoƙon kai ke zaune, kuma a gaɓarsu ake gyaɗa kai a ce to. Na biyu, aksis, yana da wani ɗan turke da ya miƙe sama ya shiga cikin zoben, wata igiyar agara mai ƙarfi ta riƙe shi ta baya. Kan wannan turke atalas ke juyawa, kuma kusan rabin waiwayen da mutum ke yi dama da hagu, kamar wajen sallame salla, daga wannan gaɓa ɗaya yake. Bayan turken, tazarar 'yan milimita, laka ce. Idan turken ya karye ko igiyar ta tsinke, babu abin da ke hana atalas da kai zamewa gaba su guntule ta. Sauran biyar ɗin suna da faifan guringuntsi a tsakaninsu. Na bakwai shi ne tudun da kike ji a dokin wuya idan kin sunkuya.

Laka kaurinta bai wuce na ƙaramin yatsa ba, taushinta kuma ya kai a lotsa ta da ɗan matsi, kuma abin da ya tsinke a cikinta ba ya sake haɗuwa. Jijiyoyi 8 ke fita daga ɓangarenta na wuya ta kowane gefe. Daga ta uku, ta huɗu da ta biyar ake haɗa jijiyar da ke sauka ƙirji ta motsa shamakin da ya raba ƙirji da ciki, wanda da shi muke jan numfashi. Daga ta biyar zuwa ƙasa ake saƙa jijiyoyin hannu. Don haka wurin da raunin ya faɗa shi ke yanke hukunci. A ƙasan wuya, ƙafafu su tafi, yatsu su raunana, kafaɗa ta tsira. A tsakiya, hannu da ƙafa duka. A can sama, har numfashi. Christopher Reeve, ɗan wasan Amurka, ya faɗo daga doki a 1995 ya karya ƙashi na ɗaya da na biyu. Ya rayu har 2004, amma a keken guragu da na'urar numfashi. Masu hawan salla da masu kilisa su ji da kyau.

Abin da ya sa ɗauka ke da hatsari shi ne ƙashi na iya karyewa lakar ba ta taɓu ba tukuna. Mutum na kwance yana motsa yatsun ƙafa. Sai jama'a su taru, wani ya kama hannu, wani ƙafa, kai na reto a baya, a naɗe shi a kujerar adaidaita, a bi ramuka da tudun rage gudu. Akwai waɗanda hatsarin bai shanye musu jiki ba, taimakon ne ya shanye. Abin da suka ɗaura wa ƙanenki aikinsa rage wannan motsi kafin a ɗauki hoto. Na san a yawancin garuruwanmu jiran motar asibiti jiran gawon shanu ne, kuma a halin da yake ciki daren nan kawo shi da wuri shi ya cece shi. Amma ana iya haɗa sauri da kula. Mutum ɗaya ya durƙusa ta saman kai, ya tallafe shi da tafin hannu biyu ta kunnuwa, ba ja ba murɗawa, kada ya saki har a isa. Mutum uku ko huɗu su mirgina shi gaba ɗaya, kai da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya, a zura ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, a naɗe zannuwa a tokare kan ta gefe biyu. A nemi mota mai buɗaɗɗen baya ko bas da zai kwanta a miƙe. Idan amai ya taso, a mirgina shi gefe a haka, dukkansa, domin shaƙewa ta fi komai saurin kisa. Kada a ɗura masa ruwa ko madara, kada a zaunar da shi, kada a girgiza shi don ya farka. Idan da hular kwano a kansa kuma yana numfashi lafiya, a bar ta. A Najeriya lambar jami'an kiyaye haɗura ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112. Mai ɗori kuwa, duk gwanintarsa a hannu da ƙafa, wuya ba hurumin sa ba ne. Jan da yake yi don ƙashi ya koma shi ne ainihin abin da ke tsinka laka.

Ba laka kaɗai ke bin wuya ba. Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana karɓar kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke turawa, ta jijiyoyi huɗu. Biyu manya suna gaba, su kike ji suna bugawa a gefen zakaran wuya. Biyu suna baya, suna hawa ta cikin ramukan da ke gefen ƙasusuwan wuyan kansu, sannan su yi lanƙwasa mai tsanani a kan atalas kafin su shiga kai. Murɗa mai ƙarfi na iya yage bangon cikinsu, gudan jini ya taso, shanyewar ɓarin jiki ta biyo baya bayan sa'o'i ko kwanaki. Ba kasafai ake gani ba, amma ya ishe ni dalilin hana mai aski ya murɗa mini wuya bayan ya gama. A gaba kuma ga maƙogwaro, ga hanyar abinci a bayansa, ga ƙullin da ke kumbura ya zama maƙoƙo; wanda ya bugu a nan muryarsa ta dushe ko numfashinsa ya fara ƙara, shi ma na asibiti ne nan take.

To wa za a kai asibiti bayan buguwar kai? Duk wanda ya suma ko na daƙiƙa kaɗan ne, ko ya manta abin da ya faru, ko ya yi amai fiye da sau ɗaya, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko ya fara magagi, maimaita tambaya, jan ƙafa, farfaɗiya, ko ciwon wuya da jin kasala a hannu. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jini. Siti sikan ake buƙata, wato na'urar hoton da ke nuna cikin kai, kuma gara a nufi inda ke da ita da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, irin asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Sakkwato, da a ɓata dare ana yawo tsakanin kemis da ƙaramin asibiti. Idan an duba an sallamo shi, wani ya kwana kusa da shi yana lura. Farasitamol ya isa. Asfirin, ibufurofen da dikulofenak suna iya ƙara zubar jini, taramol da maganin barci kuma suna ɓoye alamun da ake nema.

Tsofaffi nasu salon daban ne. Ƙwaƙwalwa na ɗan motsewa da shekaru, siraran jijiyoyin da ke mayar da jini daga samanta zuwa dura sai su miƙe su yi tsauri. Zamewa a banɗaki ko buga kai a ƙofar mota ya isa ya tsinka ɗaya, jini ya yi ta tsatsafowa ƙarƙashin dura a hankali, tunda ba mai bugawa ba ce. Bayan sati uku ko shida sai a ga Baba ya fara ruɗewa, yana barci da yawa, yana jan ƙafa, a ce tsufa ne ko hawan jini ko sammu, kowa ya manta da faɗuwar. Sau da yawa ɗan rami ɗaya ko biyu da za a huda a ƙoƙon kai a tsiyaye jinin ya isa ya dawo da shi hayyacinsa, musamman idan an gane da wuri. Masu shan maganin tsinka jini da masu shan giya sun fi kowa shiga wannan.

Ƙanenki kuma, idan likitansa ya ba shi izinin komawa kan babur, ya koma da hular kwano. Nazarin da aka tattara ya nuna tana rage raunin kai da kusan kashi 69 cikin 100, mutuwa kuma da kusan kashi 42. Lokacin da aka fara tilasta ta a Najeriya ranar 1 ga Janairun 2009, an ga 'yan acaɓa da ƙwarya da robar fenti a ka, ana ta dariya, wasu fasinjoji kuma suna gudunta wai ana yin asiri da ita. Hular gaske tana da ɓawo mai tauri da soso mai kauri a ciki, tana sauka ta rufe gefen kai har kunne, daidai wurin da ƙashinsa ya tsage, kuma sai an ɗaure igiyarta a haɓa. Wadda aka ɗora kawai ita ke fara tashi kafin mai ita ya kai ƙasa. Hular magina ba ta rufe wannan wuri. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi kuma a canza ta, ko ba a ga tsaga a jikinta ba, domin sosonta ya riga ya lotse.